Ƙarfe a Ƙugun Mai Aski

Lahadi, bayan la'asar

Auta ta iso. Na ji tsayuwar mota, kafin in lallaɓa in miƙe daga kujera har ta shigo da jakarta. Ta rame. Ban ce ta rame ba, na ce ta ƙara haske. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, kai kuma ka karkace kamar tsohuwar ƙofa." Muka yi dariya. Ta ce jinyata ta zo yi, na ce na gode, Allah ya yi albarka.

Mijinta ne ya kawo ta, amma bai shigo ba. Ta taga na hango shi zaune a mota, hannuwansa a kan sitiyari. Ya daɗe kafin ya tayar.

Ta share ɗakin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, a can za ta sauka. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin sabulu. Na ji daɗi.

Litinin, da hantsi

Na je shago yin sallama. Dogo, abokin aikina tun muna samari, shi zai riƙe wurin har in warke. Na nuna masa kilifar da ke cizo idan ta yi zafi, da tawul ɗin da ba a sa wa kowa sai tsohon alƙalin nan mai ƙyanƙyami. Ya ce, "Duk na sani, Maigida. Tare fa muka tsufa a ɗakin nan."

Na tsaya bayan kujerata na dubi kaina a madubi. Tun ina saurayi a nan nake tsaye, nauyina a kan ƙafar hagu, ina zagaya kawunan mutane. Siminti ma ya lotsa a inda nake taka wa, balle ƙashi.

Masu jiran layi suka ji za a sa min ƙarfe a ƙugu, shi ke nan na zama abin hira. Wani ya ce in guji wucewa kusa da maganaɗisu. Dogo ya ce in na ƙara tsufa ba asara, 'yan gwangwan za su saye ni da daraja. Na yi dariya har ƙugun ya tuna min da kansa.

Talata, bayan azahar

An ba ni gado a asibiti. Likitar da za ta yi aikin ta zo da kanta. 'Yar ƙarama ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba, amma da ta kama ƙafata ta juya na san hannun ya san aikinsa. Ta ɗaga hoton ƙashina a jikin taga.

"Baba, ka ga nan? Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana juyawa cikin wani gurbi a kwatangwalo mai kama da ƙoƙo. A tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi. Naka ya cinye ƙarƙaf, ƙashi ne ke gogar ƙashi."

Na ce shi ya sa nake jin kamar ana niƙa a cikina.

Ta ce za su kwantar da ni a gefen dama, su tsaga ta gefen cinya, su raba naman har su kai ga gaɓar. Sai su fitar da ƙwallon daga gurbinsa, su yanke shi da zarto. Gurbin kuma su kankare shi ya yi sumul, su kafa masa ƙoƙon ƙarfe, a cikinsa su sa na roba mai tauri. Daga nan su buɗe hanya a tsakiyar ƙashin cinya, inda ɓargo yake, su zura wani ƙarfe mai tsini ya zauna daram, su ɗora sabon ƙwallo a kansa, su mayar cikin ƙoƙon, su ɗinke.

Ta miƙo min samfurin na riƙe. Sanyi gare shi, da nauyi fiye da yadda na zata. Na juya ƙwallon a cikin ƙoƙon, ko ƙara babu. Na ce, "Likita, ƙofar shagona ma ba ta samu irin wannan gata ba."

Auta ce ta yi tambayoyin da ni ban yi ba. Jini fa, idan ya zuba da yawa? Idan zuciya ta gaza? Wa zai fito ya gaya mata, kuma yaushe? Likitar ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙosa ba. A ƙarshe ta ce, "Ni da kaina zan fito in same ki."

Hanyar zuwa ɗakinmu ta bi ta gaban ɗakin haihuwa. Da muka doshi wurin, Auta ta ce ta manta wani abu a ƙasa, ta bar ni da mai tura ni a keken marasa lafiya, ta zagayo ta wata ƙofar. Ban tambaye ta me ta manta ba.

Talata, kafin magariba

Maƙwabcin gadona tsohon direban babbar mota ne, an yi masa nasa a satin da ya wuce. Bakinsa ba ya hutawa. Ya tambayi wace ƙafa, na ce hagu. Ya tafa ya ce, "Ni dama! A haɗa ni da kai a samu mutum ɗaya lafiyayye, sauran a zubar."

Laraba, da sassafe

Ba ci ba sha. Likita ta zo ta zana kibiya da biro a cinyata ta hagu, wai don kada a yi kuskure. Direba ya ce in rubuta "ba nan ba" a ɗayar. Auta ba ta yi dariya ba.

Alhamis, da hantsi

An yi, an gama, ina raye. Alhamdu lillahi. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Ba su sa ni barci ba. Wani likita mai sanƙo ya sa na zauna na rungumi matashi na lanƙwasa baya, ya yi min allura a tsakiyar gadon baya. Ɗumi ya gangara ƙafafuna kamar na shiga ruwan wanka, can sai na neme su na rasa. Suka juya ni gefe, suka tokare ni gaba da baya, suka rataya zane a gabana don kada in ga abin da ake yi. Mai sanƙon ya zauna wajen kaina yana kallon na'urorinsa. Ya tambayi sana'ata, na gaya masa. Ya shafa kansa ya ce, "To ni dai ba ka da riba a kaina."

Ban ji ciwo ba ko kaɗan. Ji nake ana ja, ana turawa, jikina yana girgiza kamar ina cikin mota a hanya mai gargada. Sai ƙarar zarto, siririya, kusan irin ta kilifa, ba ta daɗe ba. Bayan ta wani abu mai gurnani, na san gurbin ake kankarewa. Sannan guduma. Wannan kam na ji ta har a haƙorana, ƙwan, ƙwan, ƙwan, kamar ana gyaran ƙofa a gidan maƙwabta, sai dai gidan ni ne. Na ji Likita ta ce, "Wannan ya yi kaɗan, miƙo na gaba da shi." Ashe gwadawa suke yi kamar takalmi. Ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta juya ta ciki da waje, ta haɗa dugadugaina ta ga ko tsawonsu ya zo ɗaya. Sai na ji wani ɗan sauti, ƙwas, ta ce, "Ya zauna."

Ina jin na yi gyangyaɗi wajen ɗinki. Abin kunya, an ce har minshari na yi.

Da aka turo ni waje, Auta na tsaye daidai bakin ƙofa. Nas ta ce tun da aka shiga da ni ba ta zauna ba. Ta kama hannuna, nata ya fi nawa sanyi. Ta ce, "Baba, na tsani irin ƙofar nan." Na ce na sani.

Alhamis, bayan la'asar

Wata mata ta zo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta ce ita ce mai gashin ƙashi, in tashi. Na ce jiya fa aka yanka ni. Ta ce shi ya sa, kwanciya ce ke daskarar da jini. Na ce, "Ke mai gashi, ni mai aske gashi, ai ba za mu shirya ba." Ta ce ta sha jin wannan, in sauko da ƙafar.

Na sauko da ita. Ɗakin ya juya, na yi zufa, Auta na riƙe da bayan rigata. Na taka. Ciwon yanka yana nan, mai zafi ne, amma wancan tsohon, mai niƙa, wanda ya hana ni barcin kirki shekara da shekaru, na laluba ban same shi ba. Na je bakin ƙofa na dawo. Direba ya yi min hon da baki.

Juma'a, da safe

Ciwo. Yau ba na son hirar kowa.

Asabar, da hantsi

Ƙafar ta kumbura har ƙasa, ƙwaurina ya yi tauri. Nas ta taɓa, ta fita da sauri, ta dawo da Likita. Suka ce za a duba ko jini ya daskare a jijiya, don idan gudan ya ɓalle yana iya tafiya huhu. Aka shafa min wani abu mai sanyi, aka yi ta goga na'ura ana kallon allo.

Da Auta ta ga na'urar da allon sai ta juya baya, ta fuskanci bango har aka gama.

Babu komai. Kumburi ne kawai. Aka ɗaga ƙafar a kan matashi, aka ƙara matse ta da doguwar safa, aka ci gaba da allurar da ake min a ciki kullum, mai tsinka jini. Ni har na nemi shayi. Auta ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ya daɗe yana zuba.

Wayarta na kan gadona. Ta yi ta ruri, sunan mijinta ne. Da ta fito ta kife ta.

Lahadi, bayan azahar

Ranar masu ziyara. Iyalan Direba suka cika ɗakin, har da surukarsa da jaririnta sabon haihuwa. Yarinyar kirki ce, ba ta san komai ba. Tana son ta zuba wa Direba abinci, sai ta juyo ta ce wa Auta, "Yaya, ɗan riƙe min shi," ta ɗora mata a hannu.

Auta ta riƙe shi. Ba ta dube shi ba, tagar take kallo. Can ta sunkuyo a hankali ta kwantar min da shi a gefen dama, ta gyara masa hula, ta fita.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Gashinsa baƙi ƙirin, mai laushi, irin wanda almakashi ba ya kamawa.

Da baƙi suka watse Direba ya sassauta murya, abin da ban taɓa ji ba. Ya ce, "Mai aski, yaushe ta rasa nata?" Na ce watan jiya. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne." Na ce amin. Ya miƙo min lemu, na ɓare, muka raba.

Talata, da yamma

Gida. Dogo ya zo tun kafin mu iso, ya ɗora kujerata a kan bulo ta yi tsawo, ya naɗe dardumar tsakar ɗaki don kada in yi tuntuɓe, ya kafa min ƙarfen riƙewa a banɗaki. Dokokin mai gashi suna da yawa. Kada in harɗe ƙafa. Kada in sunkuya in ɗauki abu a ƙasa. Kada in zauna a kujera mai zurfi. In kwana da matashi tsakanin gwiwoyi. Ta ce sai naman ya warke ya riƙe ƙwallon, in ba haka ba yana iya zamewa daga ƙoƙon. Auta ta haddace su duka, tana karanto min kamar ɗan sanda.

Salla a kan kujera nake yi. Goshina yana kewar ƙasa, amma Likita ta ce da sannu.

Laraba, da safe

Auta ta durƙusa tana sa min safa. Na tuna lokacin da nake ɗaura mata takalmin makaranta tana wutsil-wutsil. Na gaya mata. Ta ce, "Ai kai ka fi ni wutsil-wutsil, Baba. Tsaya mana."

Ta yi murmushi. Na gani da idona.

Alhamis, bayan la'asar

Motar mijinta tana tsallaken titi, gindin bishiya. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo, ya ajiye leda a bakin ƙofa, ayaba ko lemu ko madara, ya koma mota ya zauna. Auta takan ɗauko ledar bayan ya tafi.

Yau na kai ƙofar gida da sanduna biyu.

Asabar, bayan la'asar

Na kai bakin kwata. Motar na nan.

Litinin, da hantsi

An cire ɗinki. Likita ta nuna min sabon hoto, ga ƙarfen nan fari fat a cikin ƙashina kamar sandar lema. Ta ce fuskarsa tana da kaushi da gangan, ƙashina zai yi ta tsirowa yana kama shi har su zama abu ɗaya. Na tambayi ina tsohon ƙwallon nawa. Ta ce an yar. Na ɗan ji wani iri, ya yi min hidima.

Na leƙa Direba, an ce an sallame shi. Ya bar saƙo wajen nas, wai in mun haɗu a titi mu yi tsere.

Laraba, kafin magariba

Mai gashi ta ce in ƙara nisa. Na ce wa Auta zan ɗan taka ni kaɗai, ta tsaya a ƙofa. Na jira titi ya yi sarari, sanda, ƙafar ciwo, ƙafar lafiya, har na tsallaka. Surukina ya gan ni ya fito daga mota a guje zai durƙusa, na ce tashi, ba ni da halin ɗaga ka.

Na kusa rashin gane shi. Gemu ya cika masa fuska, sumar kai ta cukurkuɗe, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na jingina da motar muka gaisa. Ya tambayi ƙafa, na tambayi aiki. Sai ya ce, "Baba, ban san me zan ce mata ba. Duk abin da na faɗa sai ya fito a karkace. Ba ta ce laifina ba ne. Ni ma ban ce nata ba ne. Kawai in ta dube ni sai ta tuna, ni ma haka."

Na dubi kansa na ce wannan sumar abin kunya ce ga surukin mai aski, ya zo ranar Asabar in rage masa. Ya ce, "A cikin gida?" Na ce to ina kuma, da wannan ƙafar?

Dawowa ta fi wuya, ƙafar ta gaji. Auta ta tare ni a tsakiyar titi ta kama gwiwar hannuna. Muka ƙarasa gida a hankali.

Alhamis, da yamma

Tana shafa min mai a gefen tabon sai ta ce, "Baba, ciwon yana wucewa kuwa?" Na ce wanne? Ta ci gaba da shafa man. Na ce na ƙafa yana raguwa kullum. Na mahaifiyarki bai wuce ba, amma yanzu ina cin abinci, ina dariya da Dogo. Ta ce, "Ina jin kunyar in yi dariya." Na ce ni ma na ji, har wata rana ta kuɓuce min ban shirya ba.

Mun sha shayi a baranda. Iska mai daɗi.

Asabar, bayan azahar

Dogo ya kawo doguwar kujerar shago da jakar kayan aiki. Na hau na zauna daram, surukina ya zauna a ƙaramar kujera a gabana, na yafa masa tawul. Hannuna ya yi kewar kilifa. Da ta fara kuka a tafina sai na ji na dawo mutum.

Na gama kai, na zo gemu. Ba ni da halin zagayawa gabansa, ba ni da halin sunkuyawa, ga madubi ba mai riƙewa. Na ɗaga murya na ce, "Auta, zo ki taimaki gurgu."

Na zata ba za ta fito ba. Ta fito. Ta ɗauki madubin ta tsaya a gabansa, ta ɗaga shi daidai fuskarta, ya rufe ta. Na ce ƙasa kaɗan. Ta sauke. Suka ga juna ta saman madubin.

Na ɗora reza zan kwashe gemun duka, sai ta ce, "Baba, kada ka aske. Rage masa kawai. Ya fi kyau da shi."

Ya rufe ido. Ruwa ya gangaro ya shiga cikin kumfar, na share da tawul kamar kumfa ce ta yi yawa. Na rage gemun, na daidaita gefe da gefe, na ɓata lokaci fiye da yadda aikin yake buƙata.

Da na gama ta ɗauko tsintsiya, shi ya riƙe mata abin kwashe shara. Ya ci abinci a nan.

Talata, da safe

Sanda ɗaya yanzu. Jiya Auta da mijinta sun fita tare sayen magani, maganin da ke cikin aljihuna.

Juma'a, bayan la'asar

Auta ta tafi gidanta. Ta cika firji, ta jera magunguna, ta sa Dogo ya yi rantsuwa zai riƙa leƙo ni safe da yamma. Ta sake karanto min dokokin mai gashi tun daga farko. Ta ce za ta zo ranar Lahadi, in ta ga na harɗe ƙafa ba ruwanta da girmana.

Na raka su ƙofar gida. Mijinta ya ɗauki jaka ya yi gaba. Ita ta tsaya tana gyara min wuyan riga, wanda ba abin da ya same shi. Ta ce, "Baba, ban taɓa gaya maka ba. Namiji ne. Mun riga mun zaɓa masa suna tun kafin."

Na ce wane suna?

Ta ce, "Naka."

Na tsaya a kan ƙafafuna biyu har motar ta sha kwana. Sannan na shiga na zauna a kujerata mai tsawo. Na yi masa addu'a da sunansa.

Litinin, da sassafe

Yau zan leƙa shago. Dogo ya ce tsohon alƙalin ya ƙi yarda kowa ya taɓa kansa, sumarsa har ta rufe kunne.